Iskandariya ko Bahar Maliya: ina ya kamata a nufa in hutu ya faɗo a Oktoba ko Nuwamba?

Duk shekara da zarar Satumba ta kusa ƙarewa sai tambayar nan ta dawo, kuma kusan mutane iri ɗaya ne ke yin ta. Ko dai wanda ya kawo mahaifiyarsa asibiti Alkahira likita ya ce a je a huta a dawo bayan kwana goma, ko ango da amarya da suka ce su dai Masar za su, ko ɗan kasuwar da ya gama sarin kayansa ya ga saura kwana biyar jirginsa ya tashi. Kowa cewa yake, to yanzu bakin teku muke son zuwa, Iskandariya za mu ko Sham El-Shek? Wasu kuma sun ga bidiyon wani wuri da ake kira Sahel a waya, ruwa shuɗi kamar an zuba bula, sun ce can suke so ba wani wuri ba.

Abinda yake rikita mutane shine ana ɗauka zaɓi ne tsakanin abu biyu masu kama da juna, kamar ka ce shinkafa 'yar gida ko 'yar waje. A watan Yuli da Agusta kam ana iya cewa haka. Amma daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba gaɓoɓin nan biyu sun raba hanya, ɗaya tana rufe shago ɗaya kuma lokacin ne kasuwarta ke ci.

Wace kakar ake nufi tukuna?

Mu in aka ce kaka, damina ce ta ɗauke, gero ya shigo, ana roron wake, ga ɗan zafin nan na Oktoba kafin hunturu ya busa. A ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum lissafin a juye yake. Su rani ne ba ruwa, daga Mayu har Satumba da wuya ka ga ɗigo, ruwansu kuma a lokacin sanyi yake zuwa. Wato watannin da mu muke sallama da damina su a lokacin suke fara jiran tasu. To kakarsu ita ce wannan gadar da ke tsakanin zafi da sanyi, daga wajen 23 ga Satumba zuwa wajen 21 ga Disamba, kuma farkonta da ƙarshenta ba su yi kama ba ko kaɗan. Wanda ya je Iskandariya ranar 1 ga Oktoba da wanda ya je 20 ga Nuwamba in suka zauna ba da labari sai ka rantse ba gari ɗaya suka je ba.

Shi ya sa in mutum ya ce min "a kaka zan je" abu na farko da nake tambaya shine wane sati.

Ƙasa ɗaya, teku biyu, hali biyu

Bahar Rum ce a arewacin Masar, nan Iskandariya take, kusan kilomita 220 daga Alkahira, sannan in ka yi yamma sai Alamain har Marsa Matruh. Bahar Maliya kuma tana gabas, ita ce dai wadda kakanninmu alhazan ƙafa suke tsallakawa daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda, sai dai ɓangaren Masar yana can sama. A nan ake samun Gardaƙa wadda Turawa ke kira Hurghada, da Marsa Alam, sai Sham El-Shek da Dahab a yankin Sina.

Bahar Maliya hamada ce ta kewaye ta hagu da dama, babu wani babban kogi da ke zuba cikinta, ruwan sama kuma kusan babu, a Gardaƙa ana iya shekara ba a ga na kirki ba. Saboda ba laka da ke shigowa ruwan garau yake, gishirinsa ya fi na yawancin tekuna, kuma zafin da ya sha tun rani baya sakinsa da wuri. A Oktoba ruwan yana wajen digiri 27, a Nuwamba ma yana nan wajen 25, iskar rana kuma talatin da ɗan wani abu a Oktoba sannan ta sauko ƙasa da talatin a Nuwamba. Ga wanda ya saba da zafin Afrilu a Sakkwato wannan ai hutu ne kawai.

Bahar Rum kuwa ƙofarta a buɗe take ga hadarin da ke tasowa daga yamma da arewa. Farkon Oktoba lafiya lau, rana tana wajen digiri 28, ruwan da ɗumi. Amma ana shiga Nuwamba dare zai fara sanyi, taguwar ruwa ta ƙara ƙarfi, sai abin da mutanen Iskandariya ke kira nawwa ya fara, wato iska mai ƙarfi da ruwan sama da ke ɗaukar kwana uku ko huɗu a jere. Masuntan garin sun san su da suna da lokaci kamar yadda manomi ya san taurarin damina. Akwai wadda ke zuwa tsakiyar Nuwamba ana ce mata Maknasa, wato tsintsiya, don sharar teku take yi, sai Ƙasim a farkon Disamba. Kuma ba kullum suke jiran kalanda ba, ranar 25 ga Oktoba na 2015 ruwa ya shanye titunan Iskandariya har aka rasa rayuka, gwamnan lokacin ma ajiye aiki ya yi.

Sahel ɗin da kake gani a waya

Da farko dai ba Sahel ɗinmu ba ne na Nijar da Mali, kalmar ce ɗaya, da Larabci ma'anarta gaɓa. In Bamasare ya ce Sahel yana nufin gaɓar arewa daga yammacin Iskandariya zuwa wajen Matruh, inda aka jera rukunin gidajen hutu masu katanga, su Marina da Marassi da sabon birnin Alamain mai dogayen benaye. Kuɗi ana zuba su a wurin ba na wasa ba, a Fabrairun 2024 Hadaddiyar Daular Larabawa ta kulla cinikin dala biliyan 35 da Masar a kan Ras El-Hikma kawai. Farin yashi ne, launin ruwan kuma ba ƙarya bidiyon yake yi ba.

Abin da bidiyon baya faɗa shine a Agusta aka ɗauke shi. Sahel wurin 'yan Alkahira ne masu hali da ke gudun zafi, Yuli da Agusta ake cika, ana komawa makaranta a Satumba kowa ya kulle gidansa ya tafi.

Ni na ci wannan ƙwaryar da kaina. Wata shekara na raka kawuna bayan an duba shi, muna da kwana shida a hannu, wani dillali ya nuna mana hoton gida a bakin ruwa da farashin da ya sa na fara yi wa kaina kirari na iya ciniki, tsakiyar Oktoba ne. Muka isa da la'asar, maigadi ɗaya muka tarar a bakin get da butar shayinsa a kan ɗan risho, ya dube mu ya dubi akwatunanmu ya ce "el-mosim khilis", wai kakar ta ƙare. Kwamin wankan ya koma kore har da ganye a sama, kantin cikin rukunin an ja masa ƙarfe, kujerun bakin ruwa an tattara an ɗaure da igiya. Burodi ma sai da na roƙi maigadin ya kira wani mai mota ya kai ni can titi. Kawu dai ya ce shi ya ji daɗin shirun, ya zauna da carbinsa yana kallon ruwa, amma kwana biyu muka yi muka tattara sai Iskandariya. Manyan otal-otal na Alamain wasunsu suna aiki duk shekara, gwamnati ma burinta kenan, sai dai in ka fito daga otal ɗin ba kowa.

Iskandariya gari ce kafin ta zama bakin ruwa

Wannan shine bambancinta da Sahel, kuma shine dalilin da ya sa ban cire ta daga lissafi ba. Mutum sama da miliyan biyar ke zaune a cikinta, bata rufewa. Kaka ma ita ce lokacin da 'yan garin ke cewa garinsu ya dawo hannunsu, 'yan rani sun watse, hayar gidajen da ke kallon teku ta sauko, titin Kornish da ke bin bakin teku ya samu numfashi. Jirgin ƙasa daga tashar Ramsis awa biyu da rabi ne zuwa uku, kaga ga mai jinya da baya son doguwar tafiya ko wani hawa jirgin sama ba abin da ya fi wannan sauƙi, kuma in wani abu ya taso cikin dare akwai manyan asibitoci a garin, Alkahira ma ga ta nan kusa.

Abin gani kuma ba sai an shiga ruwa ba. Akwai ganuwar Ƙaitbai da aka gina wajen 1477 a daidai inda tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta taɓa tsayawa, akwai babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, akwai lambun fadar Muntaza. Amma wanda na ga yana taɓa mutanenmu shine filin masallatai na unguwar Anfushi. Nan masallacin Abul Abbas al-Mursi yake, dab da shi kuma na Imam Busiri mai Burda, inda kabarinsa yake. Na taɓa ganin wani dattijo da tun yana yaro yake rera baitocin nan a maulidi, bai taɓa sanin a nan mai su yake kwance ba sai da aka nuna masa, ya tsaya a ƙofar ya kasa magana. Wani abin sha'awa, shehin al-Mursi ɗin wato Abul Hasan Shazali shi kuma a ɗaya ɓangaren yake, a Humaisara cikin hamadar Bahar Maliya, inda ya rasu a 1258 kan hanyarsa ta hajji.

Daga masallacin ka taka kaɗan sai masu kifi. Tsarin shine ka nuna wanda kake so a kan ƙanƙara, a auna a gabanka, ka faɗi yadda za a yi shi. Ka ce singari, su tsaga shi biyu su shimfiɗa tumatir da albasa da barkono a kai su sa a tanda, a kawo da jar shinkafar da suke kira sayyadiya. Ka tambayi kuɗin kilo kafin a auna, ba bayan an gasa ba.

Iyo dai a Iskandariya ni bana ba da shawararsa bayan tsakiyar Oktoba. Ruwan yana da ja ta ƙasa ko a rani, a Yulin 2020 mutum 11 suka nutse rana ɗaya a gaɓar Nakhil ta unguwar Ajami, yawancinsu garin ceton wani suka tafi. In ka ga jar tuta ka tsaya a yashi.

Bahar Maliya, inda ruwan ne komai

In abin da ke ranka shine yara su shiga ruwa, ko ku ga kifayen nan masu launi da murjani, to maganar ta ƙare, Oktoba da Nuwamba su ne watannin da suka fi kyau a shekara gaba ɗaya. Zafin Agusta mai kai arba'in ya wuce, iskar Janairu mai sa mutum rawar ɗari in ya fito daga ruwa bata iso ba. Ko baka iya iyo ba akwai kwale-kwale mai gindin gilashi, kana zaune da babbar rigarka kana kallon abin da ke ƙasa.

Sai dai Turawa ma sun san haka. Jamusawa da 'yan Ingila yaransu suna samun hutun makaranta a Oktoba, Rashawa da 'yan Folan suna gudun sanyi, duk nan suke kwararowa, don haka lokacin da farashi ke faɗuwa a arewa a nan tashi yake. Wanda ya ce maka kaka lokacin araha ne a Masar rabin gaskiya ya faɗa maka.

Tsakanin Gardaƙa da Sham ma akwai bambanci. Gardaƙa kusan kilomita 460 ce daga Alkahira, bas awa shida ko makamancin haka, jirgi awa ɗaya. Gari ne da mutane ke zaune, akwai tsohuwar kasuwar Dahar, akwai babban masallacin Mina a bakin ruwa, gaɓarta a wurare da yawa yashi ne mara zurfi wanda ya dace da ƙananan yara, kuma daga nan ana zuwa Luksor, garin tsofaffin gine-ginen Fir'aunoni, a awa huɗu. Aibinta iska, kusan kullum tana busowa daga arewa. Sham kuma tana ƙarshen Sina, ta mota sai ka bi ramin da ke ƙarƙashin mashigin Suwez ka wuce shingayen bincike da yawa, fasfo a hannu, shi ya sa jirgi ya fi. Murjaninta ya fi kyau, gandun Ras Muhammad da aka killace tun 1983 yana nan kusa, amma a otal da yawa murjanin ya zo har baki, ta kan gadar katako ake shiga ruwa kuma kana sauka zurfi ne, ba wurin sakin yaro ɗan shekara huɗu ba ne. Daga Sham ne kuma ake tafiya Dutsen Ɗuri Sina, ana fara hawa da tsakar dare don a riski fitowar rana a sama, tsayinsa mita 2,285, kuma sanyin da ke can a Nuwamba ko na Jos albarka. Mai ciwon gwiwa ko zuciya ya haƙura.

Abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa, Masar tana mayar da agogo baya da awa ɗaya a ƙarshen Oktoba. A Nuwamba kafin biyar na yamma rana ta faɗi. In kai mai barcin safe ne sai ka ga ka biya kuɗin teku ka samu awa uku.

Sai maganar da ba a cika son faɗa ba. Yawancin otal-otal ɗin can tsarinsu biya ɗaya ne, kwana da ci da sha duk a ciki, kuma don Turawa aka tsara su, akwai giya a fili, akwai kiɗa da dare, shigar bakin ruwa kuma irin tasu ce. Wani baya damuwa, wani kuma in ya je da iyayensa kunya za ta kashe shi. Wasu otal ɗin ma sukan hana mace shiga kwamin wanka da rigar iyo mai rufe jiki. Ka tambaya a rubuce kafin ka biya, kuma ka nemi waɗanda iyalan Masarawa da Larabawan Galf suka fi sauka.

Ba a can ake yaƙi ba?

Tun Nuwamban 2023 da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jiragen dakon kaya hari, duk wanda ya ji Bahar Maliya a rediyo sai gabansa ya faɗi. Abin da ya kamata a gane shine tekun doguwa ce, ta haura kilomita 2,000. Yawancin hare-haren a can ƙasa aka kai su wajen Babul Mandab, wato ƙofar tekun ta kudu kusa da Yaman, tsakaninsu da Gardaƙa ya fi kilomita 1,500, wato ya fi nisan Kano zuwa Legas nesa ba kusa ba. Inda abin ya bugi Masar a aljihu ne, kuɗin shigar mashigin Suwez ya faɗi da fiye da rabi a 2024. Ba wai ba a taɓa ganin komai ba, a ƙarshen Oktoban 2023 jirage marasa matuƙi sun faɗo a Taba da Nuwaiba, can sama kusa da iyakar Isra'ila, kuma mutane basu manta da jirgin Rasha da aka tarwatsa bayan tashinsa daga Sham ranar 31 ga Oktoba 2015 ba, mutum 224. Tun daga nan binciken filin jirgin ya zama mai tsanani, a 2022 ma a garin aka yi taron sauyin yanayi na duniya.

In dai tsoro za a ji, ni na fi jin na jiragen yawon ruwa. A 25 ga Nuwamba 2024 wani jirgin masu nutso ya kife kusa da Marsa Alam bayan hukumar yanayi ta yi gargaɗin taguwa mai ƙarfi, a Maris 2025 kuma wani ɗan jirgin ƙarƙashin ruwa na 'yan yawon buɗe ido ya nutse a Gardaƙa mutum shida suka mutu. Kar ka hau wanda ba rigar ceto, kar ka hau ranar da iska ta tashi don kawai ka riga ka biya. Kifin shak kuma yana nan, a Yunin 2023 ya kashe wani matashi ɗan Rasha a Gardaƙa, amma in ka auna da miliyoyin da ke shiga ruwan a shekara abu ne da ba kasafai ba, ka tsaya cikin igiyar da aka kewaye kar ka jefa wa kifi abinci.

Aljihu da takardu

Daga 6 ga Maris 2024 da aka saki fam ɗin Masar, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50. Mai dala a hannu ya samu sauƙi a abinci da tasi da jirgin ƙasa, to amma mu naira muke canzawa, ita ma ta sha nata dukan. A Iskandariya kusan komai da fam zaka biya kamar ɗan gari. A Bahar Maliya otal yana da farashin Masarawa daban na baƙi daban, na baƙin kuma da dala ko yuro ake lissafa shi, kar abokinka Bamasare ya kama maka ɗaki da sunansa ka ɗauka ka yi wayo, a teburin karɓar baƙi za a ce ka cika.

Hatimin kyauta da kake ji ana bugawa Turawa a filin jirgin Sham na kwana 15 bai shafi koren fasfo ba, ka nemi bizarka tun daga gida, ka riƙe yalo kad ɗinka na allurar shawara. Ma'aurata ku sa takardar aure a jaka, ana iya tambaya. Wanda aka yi wa aiki kuma kar ya shiga ruwan gishiri sai likitansa ya ce, wanda ya yi nutso da tukunyar iska ya bari kwana ɗaya ta wuce kafin ya hau jirgi.

To wa zai je ina?

Ni dai ga yadda nake raba su in an tambaye ni. Mai jinya ko mai tafiya da dattijai, Iskandariya, ko da nawwa ta same ku ba asara, ku zauna a gidan shayi ta bayan gilashi ku kalli taguwa tana tsallake katangar Kornish. Masu yara da masu son ruwa, Gardaƙa. Ango da amarya masu ɗan hali, Sham, amma a zaɓi otal da ido biyu. Sahel kuwa in an wuce satin farko na Oktoba a bar shi sai baɗi.

Wanda kuma kwana biyu kacal gare shi kuma dole sai ya taɓa ruwa mai ɗumi, akwai Ainus Sukhna a bakin teku kudu da mashigin Suwez, kusan kilomita 120 daga Alkahira, awa ɗaya da rabi a mota. Murjaninta bai kai na can ƙasa ba kuma zaka riƙa hango jiragen dakon kaya suna jiran layi, amma ruwan Bahar Maliya ne. Ka je tsakiyar sati, don daga yammacin Alhamis zuwa Asabar rabin Alkahira can take tarewa, ɗakin ma kuɗinsa tashi yake.